Baba Cinyau da Kunun Luba

Ranar wata Asabar ce cikin watan Oktoba na 1996, kwanaki kaɗan bayan an yanke mana Jihar Zamfara daga Sakkwato, na fara ganin tsumma yana magana. Shekarata takwas. Innarmu ta aike ni gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da ke bayan tasha, a nan Ƙauran Namoda, in kai wa wata mata ƙuli-ƙuli, na kuwa tafi da ƙanwata Luba goye a baya. Shekararta uku a lokacin, amma ba ta da nauyin da zai sa majanyi ya dami ƙirjina. Matar da aka aike ni wurinta mutuniyar Filato ce, Kirista, kowa Maman Rahila yake ce mata, mijinta kuma makanikin jirgi ne. Na yi sallama har sau uku ba wanda ya ji ni, domin yara sun cika ɗakin maƙil, sun zura wa wani ɗan talabijin baƙi-da-fari ido. Hoton sai yayyafi yake yi, maigidan yana waje yana juya gorar da aka ɗaura wa eriya. Can cikin yayyafin sai ga wani abu mai faɗin baki da gashi buzu-buzu ya leƙo daga bayan katanga, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ja numfashi, sannan ya yi atishawar da ta jefa shi baya. Luba ta ƙyalƙyale da dariya a bayana har ina jin haƙarƙarinta suna motsi. Na manta da aiken da aka yi mini, na zauna a bakin ƙofa da ƙwaryar ƙuli-ƙulin a cinya har shirin ya ƙare.

Daga ranar, Asabar ta zama ranar da Innarmu ba ta sai ta maimaita mini magana ba. Tun da sassafe zan share tsakar gida, in ɗebo ruwa in cika randuna, in zuba wa awaki harawa, in yi surfen geron fura, in wanke kayan makarantarmu in shanya, duk don kada la'asar ta yi ina da sauran aiki. Har takan ce da ma kullum Asabar ce. Rahila, wadda ta zama ƙawata, takan ajiye mana wuri a kan tabarma kusa da akwatin. Sauran yara labarin suke bi, ni kuwa wata irin yarinya ce mai bin diddigi, ina son in san yadda aka yi. Ni na fara lura da siririn sandan da ke ƙarƙashin gwiwar hannun kowace 'yar tsana, na lura ba a taɓa nuna ƙafafunsu, na lura baki yana buɗewa ne daidai kan kowace gaɓar magana. Abin da ya fi kama ni shi ne shirunsu. Idan aka faɗa wa ɗayansu magana mai zafi, ba ya amsawa nan take, sai ya sunkuyar da kai a hankali, kafaɗarsa ta sauka, kai da ke kallo ka ji tausayinsa ya kama ka alhali ka san tsumma ne da maɓalli. Har yau ban gama mamakin wannan ba, kuma ban taɓa jin kunyar cewa ina son su ba.

Luba da ciwo aka haife ta. Manya suna cewa sanyin ƙashi ne, a asibiti kuma aka ce sikila. Idan ya tashi, musamman da sanyi, sai gaɓoɓinta su kumbura, idanunta su yi rawaya, ta yi ta wani siririn kuka da ba ya fita sosai. Ba ta langa, ba ta gaɗa, ko carafke ma takan gaji tun ba a yi nisa ba, sai dai ta zauna a gindin darbejiyar gidanmu tana yi wa 'yar tsanarta ta kara kitso da zare. Babbar matsalar ita ce ci. Ciwo na tashi take rufe baki gam, a yi lallashi, a yi faɗa, a yi ɗure, ta amayar. Ma'aikaciyar asibiti ta sha gaya wa Innarmu cewa yarinyar nan in ba ta ci ba ta sha, magani shi kaɗai ba zai riƙe ta ba. Na taso ina ganin Innarmu durƙushe da ludayi a hannu, kunu yana hucewa a ƙoƙo.

Wata rana Baban Rahila ya aro na'urar bidiyo da kaset daga wani malamin babbar kwalejin garinmu, ya sa mana wani fim ɗin Turawa na almara. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba. Amma akwai wani dodo a ciki, tsoho tukuf, mai fata duk tamoji da kunnuwa faɗin faifai, yana lumshe ido yana taunar baki irin ta tsofaffin da haƙoransu suka zube. Ƙananan yara suka watse da gudu, Luba kuwa ta matsa gaba har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Da aka gama, Baban Rahila ya ce mini, da Hausarsa ta Filato wadda ba ta raba mace da namiji, "Ka ga wannan, Dije? Mutane ne a ciki. Wani na riƙe baki, wani na jan ido da waya, wani na hura masa ciki." Ya zaci zan ji an yaudare ni. Ni kuwa sai abin ya ƙara girma a idona, a ce mutane da yawa su haɗa hannu, su ɓuya, su yi ta zufa, don kawai tsoho ɗaya na roba ya ƙifta ido. Na matsa masa da naci har sai da ya gaji ya yi mini nawa. Ya samo ɗan busasshen duma mai wuya, ya tsaga shi biyu da zarto, ya haɗa bayan da fata yadda zai buɗe ya rufe, ya liƙa aljihun yatsu a ciki. Maman Rahila ta yanke hannun tsohuwar rigarsa ta aiki, mai ruwan ƙasa, ta ɗinke shi a wuyan. Muka sa maɓallan kwat biyu a matsayin ido, ɗaya ya fi ɗaya girma, jan ƙyalle ya zama harshe, na kuma lallaɓa na yanko gemun bunsurunmu, abin da ya jawo mini rankwashi.

Luba ce ta raɗa masa suna Baba Cinyau, saboda halin da na ba shi. Tsoho ne makwaɗaici marar kunya, ba ya ganin ƙoƙo ya ƙyale. Nakan kwanta a bayan buhun dawa in ɗago hannuna, sai ya leƙo, ya shinshina iska, ya karkata babban idonsa wajen kunun Luba, ya ce da muryar da nake shaƙewa, "Kunun ga nawa na, yarinya, kak ki taɓa man shi." Sai ya juya wai zai wanke hannu. Kafin ya waiwayo ta kurɓe ludayi guda. Ya dawo ya leƙa ƙoƙon, ya dube ta, ya dubi sama, ya yi salati, ya faɗi sumamme. Haka za mu yi ta yi har ƙoƙo ya koma wayam. Shekara uku da wannan dabarar Luba take ci idan ciwo ya kayar da ita, har Innarmu takan leƙo daga madafa ta ce a kira tsohon nan, kunu ya huce. Da muka je hutun kaka Zurmi wurin kakarmu Hajo, mahaifiyar Innarmu, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ai ba Turawa suka fara ba, tana yarinya akwai masu dabo da ke zuwa kasuwa, mutum ya kafa babbar rigarsa a kan sanduna ya shige ƙarƙashi, 'yan mutanensa na itace su riƙa fitowa ta wuyan rigar suna faɗa da juna da wata 'yar ƙaramar murya. Ta ce ta daɗe rabonta da ganinsu.

A ƙarshen 1999 aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Ba zan yi ƙarya ba, murna muka yi. Babanmu, wanda fataucin hatsi yake yi tsakanin Ƙaura da Shinkafi, har Gusau ya je a bayan babbar mota, ya dawo murya a dishe saboda kabbara. Aka rufe gidajen kallo da na giya, wa'azi ya yawaita a rediyo da masallatai, mu 'yan mata muka ƙara tsawon hijabi muna jin kanmu manya. Ba wanda ya taɓa zuwa gidanmu ya ce a miƙo abin wasan yara, kuma ba wanda na ji ya yi wa su Rahila ko kallon banza. Amma 'yan uwansu na gida sun yi ta aiko musu da saƙo cewa su dawo, jirgin ma ya fara yin wuyar gani a tasha. Kowace shekara sukan je gida Kirsimeti da jaka biyu su dawo. A wannan shekarar, wadda Kirsimeti ta faɗo cikin azumi, sai na tarar an sauke gorar eriya, an naɗe talabijin cikin bargo an ɗaure da igiya. Rahila ta ba ni ɗankunnenta na roba, na ba ta awarwarona, muka tsaya muna kallon ƙasa. Ban sake ganinta ba.

Cikin goman ƙarshe na azumin nan ciwon Luba ya tashi irin tashin da bai taɓa yi ba. Aka kwantar da ita asibiti kwana huɗu, aka ƙara mata ruwa, aka sallamo mu da magunguna da gargaɗin nan dai na kullum, a tabbata tana sha tana ci. Baba Cinyau yana bakin ƙoƙarinsa, ludayi uku, ludayi huɗu, wani lokaci har da murmushi. Ran nan da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, rediyon Babanmu na rataye a ƙusa ana maimaita karatun wani malami. Na ji yana bayani a kan mutum-mutumi da siffar abu mai rai, cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da aka ajiye su, sai fa idan an cire wa siffar kai, to ta tashi daga siffa. Daidai nan Innarmu ta kira ni in kama mata Luba za ta canza shimfiɗa, ban ji sauran karatun ba. Na shiga ɗakin, idona ya faɗa kan Baba Cinyau a jingine kusa da matashinta, babban idonsa yana kallon ƙofa. Na ce ashe ni ce. Shekara uku ana addu'a, ana tofi, ana sadaka, ni kuwa na ajiye abin da ya tare ƙofa, rahama ta zo ta juya.

Kwana biyu ina juya maganar a raina ban gaya wa kowa ba. Wannan shi ne halina tun ina ƙarama, in na ga kamar na gane abu, ba na tambaya, kuma ya sha ja mini. A rana ta uku da la'asar, Innarmu ta shiga wanka ta bar ni da tukunyar kunun buɗa-baki, Luba kuma barci ya ɗan ɗauke ta. Na shiga a hankali na zaro shi daga gefenta. Na ɗauko rezar da muke feƙe fensir, na zauna a bakin murhu, na bi ɗinkin Maman Rahila zare bayan zare har kan ya rabu da rigar. Da na tsaya nan, da da sauƙi, allura da zare za su gyara. Amma na ce kai ai shi ne siffar, in yana cikin gida ba a yi komai ba. Na tura shi cikin wuta. Busasshen duma ba ya jan lokaci, gemun ne ya fara kamawa, ƙaurin gashi ya tashi, bakin ya wangame da zafi ya kama fatar, shi ke nan. Na yi kuka, amma kukan mai jin ya yi abin kirki ne. Na ninke hannun rigar na mayar gefen matashinta, na buɗe labulen ɗakin sosai don masu shigowa su shigo.

Bayan an sha ruwa Innarmu ta kawo ƙoƙo ta ce a kira tsoho. Na ce ya yi tafiya. Luba ta dube ni, ta laluba gefenta ta jawo hannun rigar, ta zura siririn hannunta ciki har yatsunta suka fito ta inda wuya yake. Ta buɗe su ta rufe, ta sake buɗewa ta rufe. Ta ce, "Dije, ina kanai yat tahi?" Na ce mata ta sha kunu, gobe za ta ji sauƙi, na yi mata alkawari. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rigima ba, ta dai juya fuskarta bango da rigar a hannunta. Ranar ko ludayi ɗaya bai shiga ba, washegari ma haka. Na gwada yi mata muryar da hannuna tsirara, na gwada da safa, na gwada da ludayi biyu, ko waiwayowa ba ta yi ba. Innarmu ta tambaye ni sau ɗaya ina na kai shi, da ta ga yadda fuskata ta yi sai ba ta sake ba, ba ta da ƙarfin faɗa a kwanakin nan.

Kaka Hajo ta iso daga Zurmi ana saura kwana uku salla, da ƙullin magani da 'yar jakarta. Mace ce mai karatu, a gaban mahaifinta ta yi, matan unguwarsu wurinta suke ɗaukar darasi. Ita na iya gaya wa, a bayan rumbu, ina jiran ta ce na kyauta. Ta ce, "Wa yac ce maki wanga hukunci ya hau kan abin wasan ƙanana? Ai ɗiyan tsanan yara an yi masu rangwame tun hwarko, malamin da kinka ji ma da kin tsaya da kin ji ya hwaɗi haka. Kin ji rabin karatu kin tashi da reza." Ba ta daka mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta jawo ni jikinta ta ce niyyata Allah ya gani, kuma rai da ajali ba a hannun duma suke ba. Na ji ta, amma maganar ba ta shiga ba. Abin da na sani shi ne kwana biyu ke nan ƙanwata ba ta sa komai a cikinta ba, kuma ni na jawo.

Ba mu da busasshen duma mai wuya a gida, na maƙwabta duk an fafe su. Babanmu zai je kasuwar Shinkafi washegari, Kaka Hajo ta sa shi ya nemo, bai ko tambayi dalili ba. Ya dawo da yamma da guda uku. Ba zarto, ba Baban Rahila, da wuƙar yankan kubewa na yi ta fama, na fasa biyu, na uku ya tsage a karkace. Kaka ta ɗinke bayan da fatar tsohon takalmi. Na tona tokar murhu na sami maɓalli ɗaya, ƙaramin, ya ƙone gefe, ɗaya idon kuma na cire daga rigar makarantata. Da safiyar jajibere na kwanta a bayan buhu, na ɗago hannu, na shaƙe murya na ce kunun ga nawa na. Bakin ba ya rufuwa daidai. Luba ta juyo da ƙyar ta ƙura masa ido. Ta ce, "Wanga ba shi na ba." Sai ta ji shessheƙata daga bayan buhun. Ta ce, "Kak ki yi kuka, Dije, kawo in sha." Innarmu ta miƙa ludayi, ta buɗe baki ta kurɓa sau ɗaya, ta haɗiye da ƙyar tana kallon inda nake. Shekara uku ina yi mata wasa don ta ci, ranar ita ta sha don ta lallashe ni.

An mayar da ita asibiti ranar salla. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa, tana da shekara shida. Likita ya ce jininta ne ya ƙare, ko da tana ci da wuya ta tashi, Kaka Hajo ma ta maimaita mini haka har ƙarshen rayuwarta. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma ko da kwanakinta sun ƙare, da ta yi na ƙarshen tana dariya, wannan kuwa ni na hana ta.

Yanzu na haura shekara talatin da biyar, ina koyarwa a makarantar firamare, ina da 'ya'ya huɗu. Tashar jirgi ta yi shiru, gidan su Rahila rufinsa ya rufta, Zurmi kuwa da muke zuwa hutu a bayan a-kori-kura muna waƙa, yau sai mutum ya yi ta tambayar lafiyar hanya kafin ya kama ta, sau da yawa ya fasa. 'Ya'yana a waya suke kallon dodanninsu, waɗanda kwamfuta ta zana, suna tashi sama suna aman wuta, komai sumul ba sanda ba zare. Sukan yi mini dariya idan suka same ni ina neman tsofaffin shirye-shiryen nan na 'yan tsana, ina matso da fuska ina neman sandan da ke ƙarƙashin gwiwar hannu. Na fi son waɗancan, domin na san akwai wani a ƙasa, a takure, hannunsa ya gaji, yana yi don wani yaro ya yi dariya. Idan ɗalibata ta zo mini da rabin magana da ta ji a wa'azi, ido a firgice, nakan ajiye alli in zaunar da ita mu ji sauran. Hannun rigar yana nan a ƙasan akwatina, da kan nan na biyu ɗinke a jikinsa, ban taɓa nuna wa yarana ba. Wani lokaci nakan zura hannuna ciki, in buɗe bakin in rufe. Muryar ce dai ban sake iya yi ba.